Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Sakkwato: Wa Za a Damƙa wa Kayan Tarihin Gobir?

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato, Alhaji Ahmad Aliyu Sakkwato.

 

Ranka shi daɗe, na rubuto ne a kan maganar da na san wasu za su ce ba lokacinta ba ne. Ina roƙon gwamnatin jiha ta ɗauki ma'aikatan da za su kula da kayan tarihin ƙasar Gobir a Sabon Birni da Isa, ta naɗa musu shugaba ta hanyar da kowa zai gani ya gamsu, ta kuma sa su cikin albashin jiha tun daga shugaban har mai gadi. Ban roƙi gini ba. Gini ya biyo baya in ƙasa ta lafa. Mutanen nake roƙo, da yadda za a zaɓe su, da yadda za a biya su.

Amsar da ke bakin jama'a ba ɓoyayyiya ba ce. A ƙasar da manomi ba ya taka gonarsa sai ya biya 'yan bindiga haraji, a ƙasar da aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana komawa gida daga Sakkwato a watan Yulin 2024, aka riƙe shi a daji har aka ji labarin kisansa a watan Agusta, wa zai tsaya yana zancen tsohon takobi da tsumman alkyabba? Gaskiya ne rai ya fi kaya, kuma duk wanda ya ce a rage kuɗin tsaro a ba gidan tarihi bai san abin da yake faɗi ba. Sai dai wannan masifar ce da kanta ta hana maganar jira. Garin da ya tashi cikin dare ba a tsayawa ɗaukar tambari da sirdi da kundin kaka. Yara ake saɓawa a ruga. Abin da aka bari a ɗaki, in wuta ba ta ci ba gara ta ci, ko rufi ya rufta masa da damina. Abin da aka samu fita da shi kuwa, yunwa kan kai shi kasuwa a kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Dattijon da ya haddace jerin sarakuna da kirarin kowannensu yau yana zaune a ajin wata firamare cikin 'yan gudun hijira, ko can ƙasar Gidan Runji a ƙetaren iyaka, ba mai tambayarsa komai sai ko ya samu abin kaiwa baka. Ranar da aka kai shi makwanci, ba kwangilar da za ta dawo da abin da ya tafi da shi.

Ba zan karanta maka tarihin jiharka ba, amma masu karanta wannan takarda tare da kai suna da haƙƙin a tuna musu abin da ke kwance a waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Kufan Alƙalawa yana ƙasar Sabon Birni, a kwarin Gulbin Rima. Nan gadon sarautar Gobir ya zauna tun tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Babari wanda ya ci Birnin Zamfara. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, shi da ya tara malamai a Magami da babbar salla a wajajen 1788, Shehu Usmanu ya ƙi karɓar kyautarsa, ya nemi a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Yakuba da Nafata da Yunfa duk a nan suka hau, kuma a nan birnin ya faɗi a hannun rundunar Muhammadu Bello a watan Oktoban 1808. Gobir ba ta ƙare a ranar ba. An ci gaba da ɗauki-ba-daɗi har zuwa Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama a fagen daga. Bayan nan Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, kuma daga Tsibiri ne Ɗan Halima ya ɓalle a wajajen 1860 ya dawo kwarin Rima ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce ta zuriyar Bello. Aliyu Ƙarami a can yake zaune kafin a kira shi sarautar Musulmi a 1866, kuma gidan na riƙe da sunan Sarkin Gobir har yau. Sai Ingila da Faransa suka zo a farkon ƙarni na 20 suka ja layi, Tsibiri ta faɗa wancan gefe, Sabon Birni da Isa suka faɗo wannan.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai gane inda gizo ke saƙar. Tarihi ne da har yau ba a ba da shi da baki ɗaya. Yadda ake labarin 1808 a zauren wani gida a Sabon Birni daban, yadda ake yinsa a Isa daban, na cikin birnin Sakkwato daban, na Tsibiri kuma daban, kuma kowanne yana da hujjar da ya gada. Wanda aka ba shugabancin gidan tarihin Gobir, wata rana dole ya zauna ya rubuta layi uku a ƙarƙashin sunan Yunfa, layin da ɗalibin sakandare zai kwafa a littafinsa ya kai gida. In ya rubuta don ya faranta wa gida ɗaya, ya rasa ɗayan. In ya rubuta don tsoron mai mulki, ya rasa duka biyun. Wannan ba aikin da ake ba mutum ba ne don ya yi wahala a yaƙin neman zaɓe.

Ga kuma abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi a wurina. Kayan nan ba na gwamnati ba ne. Sulke da lifidi da kwalkwali, garkuwa da mashi, tambura da kotso, wasiƙun sarakuna da Larabci da ajami, kayan da suka shafi sarautar Inna, duk a gidajen mutane suke, a ƙarƙashin gado ko cikin adaka ko rataye a ɗakin da ba kowa ke shiga ba. Ba dokar da za ta fito da su. Yarda ce kaɗai. Mai gida zai dubi wanda ya yi masa sallama ya tambayi kansa: ɗan wane ne, wa ya kawo shi, in gwamnati ta sauya yana nan ko ya tafi, ana biyansa ko shi ma nema yake? In amsar ba ta kwanta masa ba, zai kawo ruwa, a gaisa, ya ce ai kayan sun daɗe da salwanta. Kuma ba zan ga laifinsa ba.

Argungu ta samu sauƙin wannan al'amari. Gidan tarihin Kanta da aka buɗe a 1958 yana cikin tsohuwar fadar da Yakubu Nabame ya gina, masarauta ɗaya ce ke da fadar da kayan da labarin. A Gobir ta gefenmu babu fada guda da kowa zai ce ita ce uwar kayan. Shi ya sa ake buƙatar ma'aikacin hukuma wanda ba yaron kowane gida ba ne, wanda ilimi ya kawo shi, doka ta tsare shi, albashi ya wadatar da shi.

Abin da nake nema ba sabo ba ne a ƙasar nan. Da shi aka fara. A 1943 gwamnatin mulkin mallaka ta naɗa Kenneth Murray, wani malamin zane, ya zama mai binciken kayan tarihi, a lokacin babu gidan tarihi ko ɗaya a Najeriya. Yawo ya riƙa yi yana dubawa, yana rubutawa, yana tarawa. Sai a 1945 aka buɗe na Esie, na Jos a 1952 ƙarƙashin Bernard Fagg, na Legas a 1957. Mutum ya riga gini da shekaru. Mu kuwa a yau mun saba da akasin haka: a ba da kwangila, a yi fenti, a yanka kirtani gaban 'yan jarida, sannan a fara tunanin wa zai riƙe makulli. Gina rumbu ke nan ba a yi shuka ba. Gidan Arewa na Kaduna ma, da aka kafa a 1970, abin da ya ba shi suna ba harabar gidan Sardauna kaɗai ba ce. Farfesa Abdullahi Smith ne da ɗaliban da ya tara suka sa masu bincike ke nufarsa.

Ikon yin wannan yana hannunka. Tsarin mulkin 1999 ya bar wa jiha damar kafa gidajen tarihinta, ya kuma ba majalisar dokokin jiha ikon yin doka a kan kayan tarihi da wuraren da tarayya ba ta ayyana a matsayin nata ba. Jiha tana da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ba sai an ƙirƙiro wata sabuwa mai shugaban hukuma da mambobi da motoci ba. Reshe za a buɗe mata na ƙasar Gobir, mai shugabansa da gurbinsa a kasafin kuɗi, don kada ya zama ɗan rakiya da sai abin da ya ragu a hedikwata yake gani.

To, yaya za a zaɓi shugaban?

A tallata gurbin a fili, a bar duk wanda ya cancanta ya nema. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta jiha ta jagoranci tantancewar, a zauna da malamai daga sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da wakilin hukumar gidajen tarihi ta tarayya wadda dokar 1979 ta kafa, tun da ita ke da ikon ba da izinin tono da na fitar da kayan tarihi, kuma dole a yi aiki da ita. Majalisar Sarkin Musulmi da gidajen sarauta na Sabon Birni da Isa su aiko wakilai su zauna, su yi tambaya, su faɗi ra'ayi. Amma kada kowane gida ya zo da ɗan takararsa a aljihu. Wakilin da ɗansa ko surukinsa ke cikin masu nema ya tashi ya ba wani kujerar.

Kuma kada a tsaya ga duba takardun shaida da tambayar mutum sunan kwamishinansa. A ajiye masa tsohuwar wasiƙar ajami a ce ya karanta. A miƙa masa linzami ko tsohuwar tasa a ce ya shigar da ita rajista a gaban kowa: me ce ce, da me aka yi ta, wa ya kawo, daga wa ya gada, ina ta ji ciwo, wace lamba za a ba ta. Sannan a ce ya tashi ya ba da labarin faɗuwar Alƙalawa da Hausa, cikin minti goma, dattawan Isa na gefe guda, na Sabon Birni na gefe guda. Wanda ya gama, kowane ɓangare ya ɗan ji zafi amma ba wanda ya iya cewa ƙarya ya yi, shi ne mutuminmu.

Za a tambaye ni ko dole ne ya zama Bagobiri. A'a. Na san 'yan uwana ba za su ji daɗin wannan ba, amma tsage shida da bakwai a kunci ba ya koya wa mutum yadda ake hana gara cin takarda. In aka samu Bagobirin da ya fi kowa, madalla, kuma ba a rasa su a jami'o'inmu. In Bazamfare ne ko Bakabe ko Bafillace ya fi, a ba shi. Ko Bayarabe ne, in ya ji Hausa ya iya ajami, mun karɓa, sai dai ya shirya shan tsiyar taubasai kullum safiya. Sharaɗin da ba zan sassauta ba shi ne zama. Shugaban da iyalinsa da ofishinsa da zuciyarsa ke Sakkwato, yana leƙo Sabon Birni ranar da babban baƙo zai zo, ba shugaba ba ne. In hanya ta hana shi kwana a can a yanzu, a san kwanakin da doka ta ɗora masa na kasancewa a ƙasar kowane wata, a kuma ba shi abin hawa da rakiya.

A yanka masa wa'adi na shekara 5, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Na zaɓi 5 ne da gangan don kada wa'adinsa ya riƙa faɗuwa daidai da na gwamna. Mun ga yadda sauyin gwamnati kan taɓa har rawunna, balle kujerar ma'aikaci. Kada a cire shi sai da laifi bayyananne bayan bincike, kuma ranar da zai sauka, ko lafiya ko ba lafiya, kada a sallame shi sai an ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya an gwada da rajista, mai tafiya da mai shigowa da mai binciken kuɗi na jiha duk sun sa hannu. Kada wani ya ce wannan tsanani ne. A watan Agustan 2023 babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya bayyana cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko an sace ko an lalata su, da yawa daga ciki ba a taɓa shigar da su rajista yadda ya kamata ba. An kori ma'aikaci, shugaban gidan, Hartwig Fischer, ya ajiye aiki. In haka ta faru ga masu kuɗi da na'urori, mu da za mu fara da littafi da biro sai mu riƙe littafin da kyau.

Maganar albashi kuwa, ranka shi daɗe, ta shugaban ce mafi sauƙi, don haka ba zan daɗe a kanta ba. A biya shi bisa matakin albashin ma'aikatan jiha, daidai da sauran daraktoci. Kada a haɗa kujerar da wasu alawus na musamman da za su sa 'yan siyasa su fara kai gwauro su kai mari a kanta, kada kuma a ƙasƙantar da ita har malamin jami'a ya ga zuwa can faɗuwa ce. Wanda ya zo aro daga jami'a a bar masa albashinsa na can, jiha ta cika abin da ya kamata.

Inda aikin yake shi ne na ƙasa da shi. Mai digiri yana shiga aikin gwamnati a mataki na 8. A ƙaramar ma'aikata irin wannan, in ba a tsara masa matakala tun farko ba, zai yi shekaru yana jiran gurbin da babu shi, abokan karatunsa na ɓangaren mulki suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshenta ya nemi sauya layi, ya tafi da duk horon da aka kashe kuɗi aka ba shi. Ƙasar nan ta taɓa ganin irin wannan tafiya a babban mataki. Malam Liman Ciroma, wanda ake lissafawa a matsayin ɗan Najeriya na farko da ya samu cikakken horo a ilimin binciken kufai, a sashen kayan tarihi ya fara aiki. Daga baya ya koma ɓangaren mulki har ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya a 1977. Najeriya ta samu gogaggen ma'aikaci, ba shakka, amma gidajen tarihi sun rasa shi. Don haka a rubuta tsarin ƙarin girma na masu kula da kayan tarihi, wanda zai kai mutum har matakin darakta ba tare da ya bar sana'arsa ba. A tura su makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi da ke Jos, wadda aka fara tun 1963 da taimakon UNESCO, da yarjejeniyar in sun dawo za su yi wa jiha aiki na wasu shekaru kafin su nemi tafiya.

Ba taro nake nema ba. Mutum goma sha wani abu sun isa a fara. Sai dai a cikinsu akwai waɗanda in babu su an yi aikin banza. Dole a samu mata, aƙalla biyu, masu cikakken matsayi ba 'yan share-share ba. Rabin tarihin Gobir yana cikin gida: waƙoƙin daka da na reno, salsalar aure tsakanin gidaje wadda tsofaffin mata suka fi kowa riƙewa, kayan ɗaki, da duk abin da ya shafi Inna da mutanenta. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Dole a samu mai karanta Larabci da ajami da idon malamin zaure, wanda ya saba da rubutun hannu na da, ko da takardar bokonsa ba ta kai ta sauran ba. A nemo masa matakin da ya dace da iliminsa, kada a jefa shi cikin masinjoji. Dole kuma a samu mai jin Faransanci, domin ɗaya rabin labarin yana Tsibiri da Maraɗi, da cibiyoyin bincike na Yamai inda aka adana rubuce-rubuce da muryoyin dattawa, da rahotannin Faransawan da suka zo shata iyaka suka rubuta abin da Gobirawan wancan zamani suka gaya musu.

Sai masu ba da labarin su kansu. Makaɗan fada da maroƙa da sanƙirori da tsofaffin bayin sarki ba ma'aikata ba ne, ba kuma za a sa su a takardar albashi ba, amma abin kunya ne a zaunar da dattijo wuni guda ana naɗar muryarsa a sallame shi da goro da godiya. A ware musu kuɗi sananne, da rasit, a rubuta sunan kowa a jikin abin da ya bayar, a ba iyalinsa kwafi. Abin da ya rage mana na muryar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir Amadu na Isa, ya rage ne don wasu sun naɗa a lokacin da yake raye. Sauran makaɗan zamaninsa da ba a kai wa na'ura ba, sunayensu kawai ake ji, wasu ko sunan babu.

Na bar mai gadi a ƙarshe don a kansa na fi son ka tsaya. A ma'aikatunmu mun saba a ɗauki mai gadi a matsayin ɗan wucin gadi, ba takardar kama aiki, ba fansho, a riƙa ba shi ɗan abin da ya samu daga kuɗin gudanarwa, wata ya zo wata ya wuce. A ofishin da babu komai sai kujeru da fayil, wannan zalunci ne kawai. A gidan tarihi, zalunci ne da ganganci. Akwai kasuwar waɗannan kaya, kuma masu ita ba su da ƙaramin aljihu. Gumakan yumɓu da aka tono a ɓoye a arewa maso yammacin ƙasar nan sun cika shagunan Turai har ana kiransu da sunan Sakkwato da Katsina, ba tare da masana sun san ramin da yawancinsu suka fito ba. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su, tare da na Nok, cikin jerin kayan Afirka da aka fi wawashewa. A watan Janairun 1987 ɓarayi suka shiga gidan tarihin Jos, suka yi wa mai gadi dukan kawo wuƙa, suka kwashe kaya tara, ciki har da kan tagulla na Ife. Mutumin da muke so ya tsaya tsakanin kayan kakanninmu da irin waɗannan mutane, shi ne kuma muke bari ya kwana bai san abin da 'ya'yansa za su karya da shi ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ta shafe shi kamar kowa. A ba shi takardar aiki ta dindindin, albashinsa ya shiga asusunsa rana ɗaya da na shugabansa, ya san yana da fansho da garatuti da zai yi asara in ya ci amana.

Irin waɗannan ƙananan guraben, daga mataki na 1 zuwa na 6, a ba 'yan ƙasar. Masu kula da kufan Alƙalawa su fito daga ƙauyukan da ke noma a gefensa. Ba a ce su tari 'yan bindiga ba. Ba aikinsu ba ne, kuma kada a sa su a bakin mutuwa saboda tsohuwar ganuwa. Aikinsu su san wanda ya zo da daddare da diga da shebur, su san inda garma ta fara cin tudun da bai kamata ta ci ba, su san inda ruwa ya zaizaye ya fito da tukwane, su kai rahoto. Surame, kufan birnin Kanta, tana cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, ta kuma shiga jerin share fage na UNESCO a 2007, abin alfahari ne ga jihar nan. Amma kowace irin takarda aka ba kufai, wanda ke kwana kusa da shi ne ya san halin da yake ciki. Su kuma masu fita ƙauyuka da sansanonin gudun hijira, a ba su alawus na haɗari da inshorar rai. Hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni ba hanyar da ake tura mutum a kan albashi tsura ba ce.

Abu biyu nake roƙon a kauce musu. Kada a rataya albashin nan a wuyan ƙananan hukumomin biyu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi maganar wa ke riƙe da me ba ta gama daidaita ba, kuma shugaban ƙaramar hukumar da ke fama da 'yan gudun hijira a sakatariyarsa ba zai sa mai rajistar takubba a gaba ba. Kada kuma wani mai ba da shawara ya ce gidan zai ciyar da kansa da kuɗin shiga. Wane ɗan yawon buɗe ido ne zai zo Sabon Birni a bana? Masu zuwa ɗalibai ne da malamansu da jikokin masu kayan, kuma bai kamata a karɓi ko sisi a hannun yaron makaranta don ya ga sulken kakansa ba.

Za ka ce to ina za su zauna, ina za a ajiye kayan? Ɗaki biyu a sakatariya sun isa ofis. Kayan kuwa, a halin da ake ciki, ni ban goyi bayan a tattaro su wuri guda a Sabon Birni ko Isa ba. Tara su ƙarƙashin rufi ɗaya gayyato ɓarawo ne. A bi su gida gida, a ɗauki hoto, a auna, a rubuta labarinsu, a ba kowanne lamba, a bar wa mai shi abinsa tare da takardar shaidar cewa nasa ne. Wanda ya ji tsoron ajiyewa ya ba da amana a kai ɗakin ajiya na hukumar a Sakkwato, da yarjejeniya a rubuce cewa aro ne, ranar da ya nema za a ba shi. Rajistar a yi ta kwafi uku, ɗaya a ƙasar, ɗaya a hedikwata, ɗaya a jami'a, kuma kada a bayyana wa kowa gidan da wani kaya yake. Kayan da ke da hoto da lamba yana da wuyar sayarwa a ƙetare, in ma an sace ana iya bin sawunsa. Wannan aikin zai ci shekaru, kuma idan ya kammala, shi zai gaya wa mai zanen gini irin gidan da ake buƙata da girmansa.

Lokacin da za a tsara kasafin kuɗi mai zuwa, ina roƙon a sa wannan a ɓangaren albashi da gudanarwa, kada a kai shi ɓangaren manyan ayyuka inda zai koma katanga da ƙofar ƙarfe. Sanarwar neman ma'aikatan a yi ta da Hausa a Rediyon Rima, ba a jaridar Turanci kaɗai ba, a ba da isasshen lokaci don labari ya kai ga wanda ke ƙauyen da waya ba ta kamawa. In an gama tantancewa, a liƙa sunayen waɗanda suka nema da makin da kowa ya samu a allon sakatariyar Isa da ta Sabon Birni, a bar shi a wurin har wata guda kafin a ba kowa takardar kama aiki.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
wani ɗan ƙasar Gobir, daga gabashin Sakkwato.